Kufan Gungawa a ƙarƙashin tafkin Kainji: wa zai koya wa na'ura gani?

A watan Agustan 1968 aka rufe ƙofofin madatsar Kainji. Kogin Neja ya rasa hanya, ya fara taruwa yana komawa baya. Kafin a ƙaddamar da madatsar a farkon 1969, ruwa ya riga ya kwanta a kan fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,270, ya miƙe wajen kilomita 136 tun daga bakin dam har Yelwa. Mutum kimanin 44,000 aka tasa daga gidajensu. Labarin da aka fi ji shi ne na Tsohuwar Busa, don a ruwanta Mungo Park ya halaka a 1806, kuma an gina mata sabon gari sukutum. Amma a ƙasar Yawuri, wadda yau take cikin jihar Kebbi, ruwan ya ci tsibiran Gungawa, mutanen da suka yi suna da noman albasa da su da kokawa. Ya kuma taɓa Shangawa da Kambari da Sarkawa a yankin da yanzu ya zama ƙananan hukumomin Yawuri da Ngaski da Shanga.

An yi ɗan abin da za a iya kafin ruwan ya iso. Tun farkon shekarun 1960 masanin kufai Robert Soper ya zagaya kwarin yana rubuta wuraren da ya ga alamar tsohon zama. Daga baya aka shiga tonon ceto cikin gaggawa, har da tawagar Jami'ar Ibadan da ta Jami'ar Kolorado, waɗanda suka yi aiki a 1968, shekarar da ruwan ya hau. A tonon A. J. Priddy, a wani tudu kusa da Yelwa mai lamba RS 63/32, an samu tsingaro da kayan ƙarfe da mutum-mutumin gasasshiyar laka, kuma gwaji ya nuna mutane sun zauna a wurin a cikin shekaru 700 na farkon miladiyya. Wato tun kafin a kafa Birnin Yawuri akwai masu ƙira da masu ginin tukwane a bakin wannan kogi. Tudun da aka samu sukunin tonawa kaɗan ne. Sauran ruwa ya rufe su da abin da ke cikinsu.

Yau akwai na'urorin da ke ɗauko hoton ƙasan ruwa, akwai kuma manhajojin da ke duba hotunan su ce ga abu nan. Da irin waɗannan na'urori aka gano nutsattsen jirgin ruwan Endurance a 2022, a zurfin mita 3,008 cikin tekun Antatika. Tambayar da ke gabanmu ita ce ko wannan fasaha za ta yi aiki a ruwan Yawuri. Ina ganin za ta yi, amma ba yadda ake tallarta ba, kuma ba daga tsakiyar tafki ya kamata a fara ba.

Ruwan da kyamara ba ta gani a cikinsa

Duk masunci a Yelwa ya san tafkin na da ruwa biyu. Farin ruwa yana zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, daga damunar da ta sauka a nan kusa, ɗauke da laka har ya koma kalar koko. Baƙin ruwa kuwa damunar tsaunukan Gini ce, wadda ke shafe watanni tana ratsa fadamun Mali, ta zubar da lakarta a can, ta iso nan da hunturu a tace. Da farin ruwa mai nutso ba ya ganin tafin hannunsa. Ko da baƙin ruwa, ganin bai wuce abin da ke kusa da shi ba.

Wannan kaɗai ya fitar da rabin kayan aikin da ake gani a finafinan binciken teku. Kyamarar ƙarƙashin ruwa tana son ruwa garau. Na'urar leza mai koren haske, wadda ake harbawa daga jirgin sama don auna zurfin gaɓa, ita ma laka na kashe ta. Abin da ya rage shi ne sauti, don sauti bai damu da duhu ko laka ba, kuma yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa guda cikin ruwa.

Na'urar sona mai duba gefe ita ce jigon aikin. Ana jan ta a bayan jirgi ko a ɗaure ta a gefensa, tana aika sauti dama da hagu, tana sauraron amsa-kuwwa. Abu mai tauri, dutse ko ƙarfe ko tarin tsingaro, yana maido da sautin da ƙarfi, sai ya fito da haske a hoton. Taɓo mai laushi yana shanye sautin, sai ya fito da duhu. Duk abin da ya ɗago daga ƙasa kuma yana barin inuwa a bayansa, kamar yadda mutum kan kwantar da tocila a ƙasan ɗaki da dare, ƙwayar gero ma sai ta yi doguwar inuwa. Daga tsawon inuwar, da nisan abin, da tsayin na'urar daga ƙasa, ake lissafa tsayinsa. Gwanayen karatun sona sukan fi dogara da inuwar fiye da abin kansa.

Akwai ciniki a cikin zaɓin sautin. Mai kauri, wajen kilohaz 100 (kilohaz ɗaya shi ne kaɗawar sauti sau dubu a daƙiƙa), yana zuwa nesa amma hotonsa dishi-dishi ne. Siririn sauti, daga kilohaz 400 zuwa 900 ko sama, yana iya nuna bakin randa, amma ba ya nisa. Zurfi ma yana da tasa dokar: an saba riƙe na'urar a tsayin da ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na nisan da ake son ta duba. Matsakaicin zurfin Kainji kusan mita 11 ne, kuma ɓangaren Yawuri bai kai na bakin dam zurfi ba. A ruwan mita 3, abin da za a duba ta kowane gefe bai wuce mita 30 ba. Sai jirgi ya yi ta kai da komo a layuka kusa da kusa, mai yana ƙonewa, kalli da mamari na masunta suna kan hanya, kainuwa da burugu suna naɗe farfela.

Akwai wasu na'urori biyu, kowace da lalurarta a nan. Wadda ke huda laka da sauti don ganin abin da ke binne tana makancewa idan ta haɗu da iskar gas da ruɓaɓɓen ganye ke tarawa a cikin taɓo, abin da ya zama ruwan dare a tafkunan da aka cika a kan daji. Ma'aunin maganaɗisu kuwa yana jin ƙarfe da gasasshiyar ƙasa, don haka zai iya nuna maƙera da murhu da tarin kashin maƙera. Sai dai yana jin tsohon ƙarfen injin da ya faɗa ruwa bara, yana jin duwatsun ƙasar kansu, kuma ƙarfin abin da yake ji yana raguwa sau takwas duk lokacin da nisa ya ninka.

Abin da aka koya wa manhajar

Aikin sona na mako guda yana iya tara hotunan da za su gajiyar da idon mutum, kuma ido in ya gaji yana tsallake abu. A nan koyon na'ura, wanda reshe ne na ƙirƙirarriyar basira, yake shigowa. Ana nuna wa manhaja ɗimbin hotunan da mutum ya riga ya yi wa alama, wannan jirgi ne, wannan dutse ne, wannan ba komai ba ne, har ta tsinci siffofin da ke raba su. Daga nan sai a ba ta sabon hoto ta zagaye abin da take zargi.

An yi nasara da wannan. A 2021 Leila Character ta Jami'ar Tekzas, tare da sashen binciken tarihin ƙarƙashin ruwa na sojojin ruwan Amurka, ta wallafa aikin wata manhaja da ke gano nutsattsun jirage da dacewar kusan kashi 92 cikin 100. Masu bincike a Jami'ar Mishigan kuma sun fitar da tarin hotunan sona 286 na jirage 28 da ke kwance a tafkin Huron, don kowa ya horar da tasa manhajar. A lura da ƙanƙantar adadin. Ko a Amurka, inda kuɗi da jirage suke, ƙarancin hotunan koyarwa shi ne babban ciwon kan wannan fanni.

To a nan gizo ke saƙa. Duk waɗannan jirage ne, na katako ko na ƙarfe, masu tsawon gommai na mita, masu miƙaƙƙun layuka da baki mai tsini, kwance su kaɗai a kan shimfiɗaɗɗen ƙasan ruwa. Abin da ke ƙarƙashin ruwan Yawuri daban ne. Ɗakin ƙasa mai jinka in ya sha ruwa narkewa yake yi, ya koma ɗan tudu. Rumbu ya bar duwatsun da aka ɗora shi a kai, a jere a zagaye. Sai dutsen niƙa, da bakin rijiya, da juji cike da tsingaro, da duwatsun kan kabari, da manyan tuddan da zaman ɗaruruwan shekaru ya tara. Kusa da su kuma akwai abubuwan da suka yi kama da su sak a hoton sona: shurin gara, da tulin yashi, da fitattun duwatsu, da kututturan itatuwan da ruwa ya ci a tsaye. Manhajar da ta koyi jirgin Huron, in aka kawo ta Ngaski, ko dai ta yi shiru ko ta yi ta ihu a kan kowane kututture.

Ko an horar da ita da kyau, lissafi yana da abin faɗa. A ɗauka, don misali kawai, akwai abubuwa 10,000 da suka ɗago a ƙasan wani yanki, 50 daga ciki ne aikin ɗan'adam. Manhajar da ke cin daidai kashi 90 cikin 100 ta kowane ɓangare za ta kama 45 daga cikin 50 ɗin. Amma za ta yi kuskure a kashi 10 na sauran 9,950, wato 995. Jimla wurare 1,040 ke nan da ta ce a duba, kuma a kowane 23 ɗaya ne na gaskiya. Wa zai nutsa sau dubu a ruwan da ba a gani, mai tsofaffin raga da dorina? Duk kamfanin da ya zo yana ambaton kashi 90 ko 95, tambayar da za a yi masa ita ce: a cikin wurare 100 da manhajarku ta nuna, nawa ne suka tabbata, kuma a wane ruwa kuka gwada?

Gaɓar da ke fitowa kowace shekara

Kainji yana da wata baiwa da teku ba shi da ita. Saboda ana sakin ruwa don samar da lantarki, tafkin kan sauka da kimanin mita 10 a tsaye tsakanin cikarsa da ƙarancinsa. Yana cika da farin ruwa, baƙin ruwa ya riƙe shi a cike har ƙarshen hunturu, sannan ya yi ta ja da baya tun daga bazara har zuwa tsakiyar damina. A inda ƙasa take shimfiɗe, kamar wajen tsibirin Foge, mita 10 a tsaye na nufin fili mai faɗin gaske. Manoma sun daɗe da sanin haka, suna bin ruwan da shuka, makiyaya suna bin su da shanu.

Ma'anar wannan ga mai bincike ita ce ana iya ganin wuri ɗaya sau biyu, sau ɗaya a bushe, sau ɗaya a nutse. Lokacin da ruwa ya janye, a taka da ƙafa, a auna kowane tudu da dutse da kututture, a rubuta ko mene ne. A tashi jirgi maras matuƙi ya ɗauki hotuna masu hawa kan juna, kwamfuta ta haɗa su ta fitar da siffar ƙasar har zuwa 'yan santimita. Da hunturu, ruwa ya rufe wurin, a dawo da sona a bi ta kansa. Yanzu kowane ɗigo da kowace inuwa a hoton an san sunanta, ba da zato ba, don an taɓa ta da hannu watanni kaɗan da suka wuce. Irin waɗannan hotuna ne manhajar ke bukata, kuma ba a sayar da su a ko'ina. Shekara biyu ko uku na wannan zagaye za su fi amfani fiye da hayar mutum-mutumin nutso mai tsada.

Akwai taimako daga sama, kuma kyauta ne. Taurarin ɗan'adam na Landsat suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, na Sentinel-2 kuma tun 2015, kowane ɗigo a hoton Sentinel-2 mita 10 ne. Bakin ruwa a kowane hoto layi ne na tsayi ɗaya. In aka haɗa ranar hoton da tsayin ruwan da masu kula da madatsar suka rubuta a ranar, aka jera hotunan shekaru, taswirar tudu da kwarin gaɓar za ta fito ba tare da an jiƙa ƙafa ba. Raba ruwa da tudu a dubban hotuna kuwa aiki ne da koyon na'ura ya ƙware a kai tuntuni. Ga abin da ya gabaci 1968, akwai tsofaffin taswirori da hotunan sama na safiyo. Masu binciken kwarin Furat sun yi amfani da hotunan leƙen asiri na Corona, waɗanda Amurka ta ɗauka tsakanin 1960 da 1972 ta kuma sake su a 1995, wajen gano tuddan da madatsu suka nutsar a can.

Dabarar tana da iyaka. Gaɓar da ke fitowa ita ce wadda igiyar ruwa ta fi duka, ta wanke ƙasa ta bar tsingaro a fili. Can ƙasa kuwa, inda ruwa bai taɓa janyewa ba, laka ce ke ta sauka shekara da shekaru tana lulluɓe komai. Manhajar da ta koyi gaɓa za ta yi rauni a zurfi. Haka kuma in za a jarraba ta, a jarraba ta a wani wuri daban da inda ta koya. In ta koya a gaɓar Yelwa, a gwada ta a gaɓar Wara. Wanda ya raba hotunan wuri ɗaya gida biyu, ya koyar da rabi ya jarraba da rabi, kansa ya yaudara.

Me ake sa ran samu bayan shekara fiye da 50? Abin da ya faru a Iraƙi ya ba da haske. A 2018 da 2022 fari ya janye ruwan madatsar Mosul, wani birni mai shekaru kimanin 3,400 ya fito a Kemune. Masana na Jamus da na Kurdawa sun tarar da bangayen tubalin ƙasa a tsaye bayan kusan shekara 40 cikin ruwa, har da allunan rubutu na laka sama da 100 a cikin tukwane. Dalilin da suka bayar shi ne girgizar ƙasa ta rushe saman gine-ginen tun zamanin da, ɓaraguzan suka binne gindinsu. Abin da ke binne kafin ruwa ya zo shi ke tsira. Saboda haka a Yawuri tsofaffin tudda irin na Priddy sun fi gidajen 1968 damar kasancewa da cikinsu. Itace ma yana iya daɗewa in taɓo ya rufe shi iska ba ta shiga: kwale-kwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya a jihar Yobe ta yanzu, ya kai shekara 8,000.

Masu sunayen

Sona za ta ce ga tudu mai faɗin mita 40. Ba za ta ce tsibirin wane dangi ba ne, ko ina kasuwa take, ko wane dutse ne ake kaucewa. Wanda yake ɗan shekara 15 a 1968 yau ya haura 70. Waɗannan dattawa, maza da mata, suna nan a ƙauyukan da aka maido su, kuma a ganina su ne abin gaggawa a duk wannan lamari, fiye da tuddan, waɗanda laka ke tsarewa. Aikin ba ya bukatar dala: a zauna da tsoho da babban hoton sama a gabansa, a ce, "Baba, ina mashigin jirgi yake, ina maƙabarta, ina maƙera?" A naɗi muryarsa, a sa alama. A tafkin Huron ma, da John O'Shea da abokan aikinsa suke neman shingayen farauta na dutse masu shekaru 9,000, sun ƙera wa kwamfuta siffar tsohuwar ƙasar, sannan suka nemi mafarautan Alaska su duba su faɗi inda maharbi zai laɓe.

Sarkawa kuma suna da tasu taswirar a ka. Sun san inda taru ke sarƙewa, inda gora ke taɓa dutse, inda giwan ruwa ke kwanciya. Sarkin ruwa ba mai tuƙa wa baƙi jirgi ba ne a wannan aiki, yana cikin masu yi wa hotunan alama, kuma ya kamata sunansa da ladansa su nuna haka. Sashen nazarin kimiyyar kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken kifi da ke Sabuwar Busa, wadda ta fara tun 1968 a matsayin aikin nazarin tafkin, suna da abin bayarwa ta fannin horo da sanin ruwan. Jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero suna da ɗaliban kwamfuta da za su iya riƙe ɓangaren manhaja. Batun tsaro kuwa ba sai an faɗa wa mutumin Yawuri ba, tsaron ne zai yanke inda tawaga za ta iya kwana.

Wa zai biya? Kututturen da masanin tarihi ke ɗauka a matsayin shara shi ne babban labari ga matuƙin jirgin fasinja. Tun hatsarin jirgin ruwa na Wara a watan Mayun 2021, wanda ya ci rayuka masu yawa, hankali ya ƙara komawa kan lafiyar hanyoyin ruwan. Hoton sona ɗaya ne zai nuna kufai ya kuma nuna itatuwan da ke tsaye a ƙarƙashin hanyar kasuwa. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa da hukumar HYPPADEC ta yankunan madatsu suna da dalilin shiga, ko da tarihi bai dame su ba.

Sai dai taswirar tudda abu ne mai haɗari. A shekarun 1990 masu haƙar sata sun yi wa Kwatarkwashi ta Zamfara kaca-kaca suna neman mutum-mutumin laka, kuma a 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa irin waɗannan kaya na yankin Nok da Sakkwato da Katsina cikin jerin waɗanda ake gargaɗin kada a saya. Tudun da ke fitowa fili kowace bazara, in lambobin wurinsa suka shiga WhatsApp, mako guda ya ishe shi. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2005, tana kare abin da ya shekara 100 a cikin ruwa ne, don haka kufan Kainji ba za su shiga ƙarƙashinta ba sai 2068. Kafin nan dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce madogara, ita ce ta hana tono ba da izinin hukumar ba.

Saboda haka taswira biyu za a fitar. Ɗaya ta kowa, mai nuna kututtura da duwatsu da hanyar jirgi, a liƙa ta a kowace tashar ruwa. Ɗayar, mai nuna tudda da maƙabartu, ta tsaya a hannun hukumar da Masarautar Yawuri da wakilan zuriyar masu wuraren, kuma su ne za su ce wane wuri za a taɓa, wane za a bari. A rubuta a cikin yarjejeniyar tun kafin jirgin farko ya tashi cewa ɗanyen bayanan sona da hotunan da aka yi wa alama, ba rahoton ƙarshe kaɗai ba, za a ajiye kwafinsu a Kebbi, domin da su ne za a sake horar da duk manhajar da za ta fito nan gaba.